Takardar da Hadassa Ba Ta Karanta Ba

A unguwar Morris Heights ta Bronx ba kowa ne ya san sunan Hadassa ba. Maman Yabo ake ce mata. Gajeriyar mace ce kakkaura, mai sauri kamar kullum ana jiranta a wani wuri, jaka a kafaɗa, takalmin aiki a cikin leda. Mutuniyar Pankshin ce. A can ta yi aikin jinya a wani ƙaramin asibitin mishan, a can ta yi aure, a can kuma ta binne mijinta tun 'yarsu Yabo ba ta fara tafiya ba. Cacar biza ce ta faɗo mata a shekarar 2004, ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan awakinta, ta goyo yarinyar ta taho.

Takardun jinyarta na gida ba su tsinana mata komai a nan ba. Abin da ta samu shi ne kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, canjin zanen gado, tuna musu magani, da sauraron labari ɗaya sau goma a wuni. Ba ta raina aikin ba, kuma ba ta taɓa makara ba. Tun da asuba take kan jirgin ƙasa mai lamba huɗu, daga nan ta kama bas, ruwa ko ƙanƙara.

Inda take kwana ne ciwon ranta. Hawa na biyar, babu lif, silin banɗaki yana ɗiga shekara da shekaru, bangon ɗakin kwana ya yi baƙi da danshi. Lokacin sanyi hita mai ɗumama ɗaki sai ranar da ta ga dama take aiki. Mai ginin kuwa ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, sai dai takardarsa a farkon wata. A wannan ɗaki Yabo ta kamu da asma, kuma Hadassa ta daina ƙirga sau nawa ta sauko da ita benen nan a guje, yarinya tana jan numfashi kamar ana shaƙe ta. Don haka burinta ɗaya ne tak a duniya, gida nata na kanta, mai busasshen bango. Shekara goma sha ɗaya tana zuba adashi da matan zumunta na majami'arsu, duk kwasar da ta yi sai banki. Ko sabon zane ba ta saya sai wanda zumunta ta wajabta.

To, a nan Filimon ya shigo. Filimon ɗan wan mahaifin mijinta ne, kuma gaskiya ɗaya ce, ya yi mata rana. Shi ya tarbe ta a filin jirgi, a falonsa ta kwana wata huɗu ita da goyonta, matarsa ce ta samo mata aikin farko. Matarmu yake ce mata, ita kuma ba ta kiran sunansa sai ta sa Yaya a gaba, har da ɗan rusunawa. Ya daɗe yana tuƙa motar kai fasinja filin jirgi, sai a farkon 2015 ya ci jarrabawa ya zama dillalin gidaje a ƙarƙashin wani kamfani. Ejan suke cewa a nan. Ya ɗinka kwat, ya buga kati mai hotonsa, ya bi kowa a majami'a ya ba shi bibbiyu.

Wata Lahadi bayan sujada, ana cin gwate a zauren da ikilisiyar ke haya, ya zo ya zauna kusa da ita da wata takarda mai shafi huɗu. Baba Mang, babban dattijon ikilisiya, yana gefe yana shan kunu. Filimon ya ce ya ji tana neman gida, kuma ba zai yiwu yana da rai bare ya ci la'adar matar ƙanensa ba. Ya ce takardar ka'idar kamfani ce kawai, don su san shi ke mata aiki.

"Ba ke za ki biya ni ba, matarmu," in ji shi. "Mai sayar da gida ne ke biyan ejan. Ke dai sa hannu nan, da nan."

A yawancin ciniki haka abin yake, bai yi ƙarya ba. Amma abin da shafin farko ya ce ya wuce nan. Ya ce har tsawon shekara ɗaya, kamfanin Filimon ne kaɗai dillalinta. Duk gidan da ta saya a cikin wannan lokaci, ko su suka nuna mata ko ita ta tsinto abinta, suna da la'adar kashi uku cikin ɗari. In mai sayarwa bai biya ba, ita za ta biya.

Kada wani ya ɗauka Hadassa ba ta iya karatu ba. Matar da ke karanta takardar magani mai ƙananan rubutu ba tabarau? Ta iya sarai. Abu biyu ne suka kayar da ita. Na farko, dillali a saninta shi ne na kasuwar gida: in kana neman akuya ka faɗa wa mutum uku, wanda ya kawo ya ci la'ada, sauran su haƙura. Ba ta taɓa jin inda dillali ya ɗaure mai saye ba. Na biyu kuma, shi ne babba, ta yaya za ta buɗe takardar wan mijinta ta hau bi layi-layi, a cikin ɗakin Allah, a gaban Baba Mang? Ai daidai yake da ta miƙe ta ce masa ɓarawo. Neman kwafi kuwa ya fi wannan muni. Ta goge hannunta a gefen zane, ta karɓi biro, ta sa hannu a duk inda yatsansa ya tsaya. Ya naɗe takardar ya sa a aljihun kwat, suka ci gaba da cin gwate.

Ya nuna mata gidaje huɗu a wannan bazarar. Biyu sun fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, ɗaya rufinsa ya lotsa, ɗaya kuma jirgin ƙasa na wucewa ta saman tagarsa. Daga nan ya yi shiru, ita ma ta yi shiru, takarda kuwa ta manta da ita kamar ba a yi ba.

A lokacin shekararta ta shida ke nan tana kula da wata tsohuwa 'yar Jamaika, Misis Beckford, a wani gidan jan bulo mai hawa biyu a arewacin Bronx. Tsohuwar tana da baki, ta kori masu aiki biyar kafin Hadassa. Amma Hadassa ta iya da ita. Ta san yadda take son shayinta, ta san waƙoƙin coci da ke kwantar mata da hankali in ruɗewa ta taso. 'Ya'yan tsohuwar uku duk sun watse wasu jihohi, sai waya. Ranar da rai ya yi halinsa, a watan Satumba, hannun Hadassa ne a cikin nata.

Bayan jana'iza babban ɗan, Linval, ya kira ta kicin. Ya ce za su sayar da gidan, kuma mahaifiyarsu ta sha faɗa masa cewa in da hali, Hadassa ce ta cancanci zama a ciki. Ya faɗi farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai. Sharaɗinsa biyu. Ba ejan, don ragin da ya yi ya riga ya cinye kuɗin ejan, kuma da ƙyar ya shawo kan ƙannensa. Sannan sati shida kacal zai iya riƙe mata, saboda haraji yana hawa, ƙannen kuma suna hura masa wuta. Ta samo lauyanta, in ji shi, a rubuta yarjejeniyar ciniki.

Hadassa ta amince nan take. Ta je banki, aka duba takardunta, aka ce za a ba ta bashin gida. Abin da ta tara ya isa kuɗin gaba da kuɗin kammala ciniki, cif-cif, ko na sabon labule ba zai ragu ba. A wannan satin takardar sabunta hayarta ta zo. Ta rubuta a kai cewa ba za ta sabunta ba, ta aika, zuciyarta fari ƙal. Yabo, wadda in an yi mata Hausa take amsawa da Turanci, har ta zaɓi ɗakin da zai zama nata.

Mutumin kirki in Allah ya yi masa alheri, a gaban jama'a yake godiya, haka aka tarbiyyantar da ita. Ranar Lahadi ta ɗaura zanen zumunta, ta fito gaba da rawa, mata suna guɗa, ta ba da shaida tiryan-tiryan: sunan titi, yawan ɗakuna, farashi, ba abin da ta rage. Aka yi tafi, aka yi addu'a. Filimon ma ya yi tafi. Da aka tashi ya ja ta gefe, wajen da ake rataye rigunan sanyi.

"Na taya ki murna, matarmu. Sai dai kin san akwai takarda tsakaninmu."

"Wace takarda, Yaya?"

"Wadda kika sa wa hannu. Kamfani zai nemi kashi ukunsa."

"Amma ai ba kai ka nuna mini gidan ba. Shekara shida ina share shi."

"Takarda ba ta san wannan ba," in ji shi, yana kallon takalminsa.

Dala dubu goma sha ɗaya da ɗoriya. Ko za a juye Hadassa a kakkaɓe, babu su. Ta kira Linval ta faɗa masa gaskiya. Ya ce ƙannensa ba za su ƙara ko sisi ba, kuma shi ba ya son cinikin da wani kamfani zai biyo baya da rigima. Ya ce ta je ta warware matsalarta, sati biyar suka rage.

Maƙwabcinta na hawa na huɗu, Sumani, direban tasi ne ɗan Zangon Kumasi, mutum mai faɗin abu yadda yake. Da ya ji labarin a kan bene ya ce ta bar komai ta kai takardar wurin lauya gobe-goben nan, shi zai kai ta kyauta. Hadassa ta toshe kunne. A wurinta lauya da ƙara duk abu ɗaya ne. Ta kai wan mijinta gaban lauya? Mutumin da ta kwana a falonsa? Me za a faɗa a Pankshin, me za ta ce wa dangin Yabo? Ba a ma zo nan ba, takardar ba ta hannunta. Ta yi abin da ta san ana yi in 'yan'uwa suka saɓa, ta kai maganar gaban dattawan ikilisiya.

Dattawan nan ba mugaye ba ne, kowa ya shaida. Amma su ma ma'aikata ne, wani mai gadi, wani direban bas, ba sa haɗuwa sai Lahadi. Lahadin farko aka buɗe da addu'a, aka saurari Hadassa, aka saurari Filimon, lokaci ya ƙure saboda wata ikilisiyar na jiran zauren. Lahadi ta biyu Filimon bai zo ba, wai yana nuna wa wasu gida a Yonkers. Ta uku Baba Mang ya yi doguwar nasiha a kan zumunci da haƙƙin gwauruwa, har wasu suka share hawaye, ya roƙi Filimon ya yafe. Filimon ya dafa ƙirji ya ce nasa rabon ya yafe duniya da lahira, amma takardar ba tasa ba ce, ta kamfani ce, shi ɗan aike ne. Zai yi wa ogansa magana.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, a duk zaman nan uku, cikin dattawa shida, ba wanda ya ce a kawo takardar a gani. Ana shari'a a kan abin da ba wanda ya karanta. Kunyar da ta hana Hadassa ita ta hana su. Ai Filimon ma'ajin ikilisiya ne, wa zai ce masa ya fito da shaida?

A sati na huɗu amsar oga ta zo, ba ta bakin Filimon ba, ta gidan waya. Wasiƙa ce mai ladabi, tana tuna mata alkawarin da ta ɗauka, tana kuma yi mata fatan alheri a sabon gidanta. Hadassa ta shiga zagayen neman kuɗi. Matan zumunta suka haɗa abin da suka iya, bai kai ko kwata ba. Banki ya ce in ta ciwo wani bashi a waje, lissafinsu ya rushe. Ta rame, ta daina cin abinci, tana zuwa sabon wurin aikin da aka tura ta kamar wadda aka zare wa laka. Ta kira Linval ta roƙe shi sati biyu. Ya ba ta ɗaya, kuma ta ji a muryarsa cewa shi ma an kai shi bango.

Ran da wa'adin ya cika shi ya kira. Wani mai sayen gidaje yana gyarawa ya zo da kuɗi a hannu, ba banki, ba jira, ƙannensa sun sa hannu. Ya ba ta haƙuri har sau uku. Hadassa tana tsaye a tashar bas, ta ce masa ba komai, Allah ya sa albarka. Bas ɗinta ya zo ya wuce, na biyu ma ya wuce, tana nan tsaye.

Tsugune ba ta ƙare ba. Mai gininsu na Morris Heights ya riga ya karɓi takardarta hannu bibbiyu, don ya daɗe yana neman hanyar fitar da tsofaffin 'yan haya ya ƙara kuɗi. Ta rubuta tana neman janyewa, aka ce an riga an ba wani. Wannan karon ba ta yi wa Sumani musu ba. Ya kai ta wani ofishin lauyoyi masu taimaka wa 'yan haya, aka haɗa ta da wata lauya matashiya mai yawan tambaya. A kan ɗakin, lauyar ta ce za ta iya samo mata 'yan makonni, ba fiye ba. Amma da ta ji dalilin da ya sa Hadassa ta saki ɗakin tun farko, sai ta ajiye biro ta ce ina yarjejeniyar da ejan ɗin.

Hadassa ta sunkuyar da kai ta ce ba a ba ta kwafi ba. Lauyar ta ɗaga waya ta kira kamfanin. Minti goma ba a yi ba, shafi huɗun nan suka fito daga na'ura, da ɗuminsu. Abin da ya gagari dattawa shida sati uku ke nan.

Lauyar ta karanta shafin farko, ta gyaɗa kai. Ta wuce na biyu. A na uku ta tsaya, ta sake karantawa, sannan ta juyo da takardar ta ɗora yatsa a sakin layi na tara. Ta ce ba kowace yarjejeniya ce ke da wannan ba, kowane kamfani da irin tasa, shi ya sa ake karantawa kafin a sa hannu. Amma wannan ta ce kowane ɓangare yana iya soke ta da wasiƙa, a ba da kwana goma sha huɗu. Bayan haka kamfani ba shi da haƙƙi sai a kan gidajen da ejansa ya nuna da kansa.

"Ya taɓa kai ki wancan gidan?"

"Ko titin bai sani ba, sai da na faɗa a coci."

"To da wasiƙa ɗaya ta ishe ki," in ji lauyar a hankali. "Layi uku. Kina da sati shida, biyu kawai kike bukata."

Hadassa ba ta yi kuka ba. Ta jawo takardar, ta karanta sakin layin da kanta, da yatsa, har ƙarshe. Turanci ne mai sauƙi, ba kalma ɗaya da ta gagare ta. Wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Ko Filimon ya san da sakin layi na tara? Shi dai ya rantse wa Baba Mang cewa bai taɓa wuce shafin farko ba, haka aka koya musu su nuna inda za a sa hannu. Wataƙila gaskiya ne. Ni ban shiga zuciyarsa ba, amma mutumin da ya ci jarrabawar dillanci ya ce bai san takardar da yake yawo da ita a aljihu ba, sai dai a yi shiru kawai. Bai samu ko sisi ba a ƙarshe, tunda ba a yi ciniki ba. Dattawa suka ce tunda haka ne ba wanda ya ci wani, a yafi juna. Aka sa su suka gaisa a gaban jama'a, ta rusuna ta ce masa Yaya.

Watan Janairu ya kama, sauran kwana tara a fitar da kayanta, ba ta samu wuri ba. Duk inda ta je, ko kuɗin ya fi ƙarfinta ko layin masu jira ya kai shekara. Wata safiya bas ya bi da ita ta tsohon titin, ta ga allon neman 'yan haya mai lambar waya a jikin gidan jan bulon. Sabon mai shi ya raba shi uku har da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kowane ɓangare da hayarsa. Na sama da na tsakiya, kowannensu ya fi abin da banki ya ce za ta riƙa biya a wata a kan gidan gaba ɗaya. Wanda aljihunta zai iya shi ne ɗakin ƙasa, inda da ake ajiye tarkace, mai 'yar taga ɗaya daidai da ƙafafun masu wucewa. Ta yi kwana biyu tana juya lambar wayar. Ta dubi Yabo, ta dubi akwatuna, ta kira.

Mutumin ya zo da kansa ya buɗe mata, wani mai fara'a da makullai cike da hannu. Ya nuna mata inda za ta sa gado, ya ce danshin bangon ba wani abu ba ne, fenti zai rufe. Ɗakin ya yi sanyi kamar firji, ya shiga lungun tukunyar ɗumama gida yana ta danne-danne, ta ƙi tashi. Ya yi tsaki ya ce sai ya kira mai gyara. Hadassa ta ajiye jakarta, ta durƙusa, ta murɗa wani ɗan famfo da ke ɓoye ta baya, ta jira ruwa ya hau, ta danna jan maɓalli. Tukunyar ta kama.

Ya bi ta da kallo. "Kin san gidan nan ne?"

"Na taɓa aiki a nan," in ji ta.

Ya yi dariya ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Tunda ta san kan gidan, ta riƙa lura da tukunyar, tana fitar da shara, tana share ƙanƙarar ƙofa saboda masu hayan sama, shi kuma zai rage mata dala hamsin a wata. Hadassa ta kakkaɓe gwiwoyinta, ta ce ta gode.